Jagorar Zaɓe da Haɗa Madabod Mai Tsada na Kwamfutar Wasanni a Kaduna

Kurakuran da sababbin masu haɗa kwamfutar wasanni ke tafkawa a unguwannin arewacin kogin Kaduna, daga Kawo da Malali da Unguwar Rimi har zuwa Tudun Wada da Kurmin Mashi, ba su da yawa, sai dai suna maimaituwa har sun zama kamar al'ada, kuma mafi yawansu suna komawa ne ga rashin sanin haƙiƙanin aikin madabod. Madabod, wanda masu gyara kan taƙaita su ce bod, shi ne babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda kowane sashe ke hawa kansa ko yake haɗuwa da shi ta waya. A kansa ake ɗora furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ram, wato ma'adanar wucin gadi da ke riƙe abin da ake aiki a kansa a daidai lokacin, da katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta.

Kuskure na farko shi ne a zuba rabin jari a kan bod mai fitilu da ƙarafa masu sheƙi, sannan a rasa kuɗin katin hoto na kirki. Na biyu shi ne a sayi bod da furosesa da ram waɗanda ba sa shiga juna. Na uku, wanda ya fi sauran asara, shi ne a gama haɗa kaya na miliyoyin naira a cusa filoginsu kai tsaye a bango ko a ƙaramin janareta. Wannan jagora ta bayyana abin da ke sa bod ya yi tsada, da amfanin tsadar da illarta a yanayin Kaduna, sannan ta jera kayan aiki da matakan da ake bi tun daga saye har zuwa kulawa.

Abin da ke sa bod ya yi tsada

Manyan kamfanonin da ke ƙera bod na wasanni huɗu ne, kuma dukkansu na Taiwan ne: ASUS, mai jerin ROG da ya fara a 2006, da MSI, mai jerin MEG, da Gigabyte, mai jerin AORUS, da ASRock, mai jerin Taichi. Bambancin farashi tsakanin babban bod da matsakaici yana fitowa ne daga wurare uku. Na farko shi ne cifset, wato ƙaramin guntun lantarki da ke tsara zirga-zirgar bayanai tsakanin furosesa da sauran sassa, kuma harafin farko na sunansa ke nuna ajinsa: a ɓangaren Intel, Z790 da Z890 su ne manya, B760 matsakaici, H610 ƙarami, yayin da a ɓangaren AMD ake da X670E da X870E a sama, B550 da B650 a tsakiya, A520 da A620 a ƙasa. Na biyu shi ne sashen daidaita wuta, wanda ake kira VRM, wato jerin na'urorin da ke kewaye da mazaunin furosesa, masu karɓar bolt 12 daga akwatin wuta, wato na'urar da ke ba sassan kwamfuta wuta, su sauke ta zuwa bolt ɗaya da ɗoriya da furosesa ke buƙata. Babban bod yana raba wannan aiki tsakanin layuka masu yawa, ya lulluɓe su da ƙarfen shan zafi mai kauri. Na uku shi ne yawan ƙofofi da ramuka, kamar ramukan M.2 na ma'adanar SSD mai sauri, da ƙofofin USB4, da katin sauti da na intanet masu inganci.

Amfanin babban bod

Fa'ida mafi girma tana cikin sashen daidaita wuta, domin furosesa irin Core i9-14900K yana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi, kuma bod mai rauni yakan ɗauki zafi har ya tilasta wa furosesan rage gudu don kada wani abu ya ƙone. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke haura digiri 35 kuma iskar da fanka ke jawowa cikin kwamfuta ita kanta mai zafi ce, wannan tazara takan bayyana fiye da yadda take bayyana a ƙasashen sanyi. Fa'ida ta biyu ita ce sauƙin gano matsala, saboda babban bod yakan zo da ɗan allon lambobi biyu da ke nuna inda tashin kwamfuta ya tsaya, da maɓallin sabunta BIOS ko babu furosesa, wani lokaci ma da BIOS na biyu a ajiye. BIOS shi ne ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin bod, wadda ke tayar da sassa kafin Windows ya karɓi ragama. A garin da ake iya ɗauke wuta a tsakiyar sabunta shi, wannan tanadi yana iya zama abin da zai ceci bod daga mutuwa. Fa'ida ta uku ita ce wurin faɗaɗawa, wadda ta fi amfanar masu tace fina-finai da bidiyon biki da masu haɗa sauti a situdiyo, waɗanda ke buƙatar ma'adanai uku ko huɗu da ƙofofin kwashe manyan fayiloli cikin hanzari.

Illar babban bod

Illa ta farko ita ce bod ba ya zana hoto, saboda haka ba shi ke ƙayyade santsin wasa ba. Idan aka ɗauki furosesa ɗaya da katin hoto ɗaya da ram ɗaya aka gwada su a kan B650 na kirki da kuma X670E, yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa guda, wanda 'yan wasa ke kira FPS, kusan ɗaya zai kasance a EA Sports FC ko eFootball ko GTA V. Illa ta biyu ita ce biyan kuɗin abin da ba za a mora ba: ƙofar intanet mai gudun gigabit 2.5 ko 10 ba ta rage jinkirin wasan intanet, domin jinkirin yana zuwa ne daga layin kamfanin sadarwa da nisan sabobin wasa, waɗanda galibi suke Turai ko Afirka ta Kudu. Illa ta uku ita ce babban bod yana jawo kashe kuɗi a bayansa, tunda sababbin manyan bod na AMD da Intel ram na DDR5 kaɗai suke karɓa, suna kuma neman babban gidan kwamfuta da babban akwatin wuta. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk waɗannan kaya da ake sayowa da dala sun yi tashin gwauron zabi. Illa ta huɗu ita ce wuyar gyara da ta garanti, domin irin wannan bod yawanci daga Legas ko Abuja ko ƙasashen waje ake aiko da shi, kuma mayar da shi idan ya samu matsala yakan ci makonni da kuɗin mota. Bugu da ƙari, tsawa ko hawan wuta ba sa tambayar farashi, kuma wanda ya fi zuba kuɗi shi ya fi kuka.

Kayan aiki da abubuwan buƙata

- Sukudireba mai bakin giciye, babba da ƙarama, an fi son mai maganaɗisu a baki don kada sukuru ya faɗa cikin bod.
- Man sanyaya furosesa, wanda ke cike ƙananan ramukan da ke tsakanin furosesa da ƙarfen fanka.
- Filas mai aƙalla gigabait 8, wanda aka tsara da tsarin FAT32, domin sabunta BIOS.
- Mitar auna wuta, da tocila mai haske, da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya.
- Sitabilaiza, da UPS (na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) ko inbata mai tsaftatacciyar wuta, da abin kare hawan wuta.
- Bulowa ta hura ƙura, da burushi mai laushi, da ɗaurin roba na tattara wayoyi.
- Tebur na katako mai faɗi, da ƙaramin kwano na ajiye sukurori.
- Littafin bayanin bod ɗin, na takarda ko wanda aka sauke daga shafin kamfanin.

Mataki na 1: Tantance aiki da raba kuɗi

Kafin a kalli kowane bod, wajibi ne mai saye ya rubuta wasannin da manhajojin da zai yi amfani da su, domin su ne za su nuna katin hoto da furosesan da ake buƙata, su kuma waɗannan biyun su nuna bod. Wanda zai ɗora furosesa mai wat 65, kamar Ryzen 5 5600 ko Ryzen 5 7600 ko Core i5-12400, bod mai harafin B ya wadatar da shi, kuma rarar kuɗin ta fi amfani a katin hoto da kayan kare wuta. Mai gidan wasa da ke son jera kwamfutoci biyar ko goma ya fi kowa buƙatar wannan lissafi, saboda abokan cinikinsa fuskar kwamfuta suke kallo, babu mai leƙa cikinta. Babban bod yana cancanta ne idan furosesan mai cin wuta ne, ko ana son ma'adanai da yawa, ko ana niyyar ƙure gudun furosesa fiye da yadda kamfani ya saita, abin da Intel ba ya bari sai a bod mai harafin Z tare da furosesa mai harafin K.

Mataki na 2: Daidaita soket da ram da girma

Soket shi ne mazaunin furosesa a kan bod, kuma kowane zamani da nasa. Na AMD akwai AM4, wanda ya fito a 2016 yake aiki da DDR4, da AM5, wanda ya fito a watan Satumban 2022 yake aiki da DDR5. Na Intel akwai LGA 1700 na 2021, wanda ke ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, da LGA 1851 na watan Oktoban 2024. A LGA 1700 ne aka fi yin tuntuɓe, domin akwai bod ɗinsa na DDR4 akwai na DDR5, kuma ko da yake nau'o'in ram ɗin biyu kowanne ƙafafu 288 gare shi, tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, don haka tilasta ɗaya a ramin ɗaya karya rami yake yi. Shigar furosesa cikin soket ma bai isa hujja ba, sai an duba jerin furosesocin da bod ya amince da su a shafin kamfani, tunda bod na B450, misali, ba ya tashi da Ryzen 5000 sai an sabunta masa BIOS. Haka kuma a auna gida, wanda ake kira kesin: cikakken bod na tsarin ATX, da Intel ya fito da shi a 1995, milimita 305 ne a 244, ƙaraminsa 244 a 244, manyan bod kuwa sukan fi ATX faɗi har su rufe ramukan wucewar waya.

Mataki na 3: Binciken bod a wajen saye

Ko a shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi aka samu bod, ko daga Computer Village na Ikeja ko Banex Plaza na Abuja aka aiko shi aka karɓa a tashar Mando ko ta Kawo, binciken iri ɗaya ne, kuma gaban mai sayarwa ko a gaban kyamara ya kamata a yi shi. A LGA 1700 da AM5 ƙafafun haɗin wuta suna cikin soket ɗin bod ne, guda 1,700 a na farko da 1,718 a na biyu, kowace siririya kamar gashi. Hanyar duba su ita ce a haska tocila daga gefe a karkace, a juya bod a hankali: lafiyayyun ƙafafu suna mayar da haske bai ɗaya kamar saƙar tabarma, lanƙwasasshiya kuwa takan fito kamar ɗigon haske ko ɗigon duhu a tsakiyar jeri. Ƙafa guda da ta kauce tana iya hana ramin ram aiki ko ta hana kwamfuta tashi gaba ɗaya, kuma kamfanoni ba sa ɗaukar wannan a matsayin laifinsu. A bod na hannu, wanda ake kira tokumbo, sai a ƙara duba bayan allon ko akwai tabon ƙuna, ko sauyin launi a ƙarƙashin sashen daidaita wuta, ko ragowar dalma da ke nuna an taɓa gyara, a kuma sansana shi domin warin ƙonewa ba ya ɓuya. A tabbata lambar da ke jikin kwali ita ce a jikin bod, a karɓi rasit mai ɗauke da ita, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce.

Mataki na 4: Tanadin wuta kafin a kunna komai

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma wanda ya saka mita a soket ɗin bango da daddare a unguwa mai cunkoso ya san takan sauka ƙasa da haka sosai, kuma lokacin da aka dawo da ita bayan ɗaukewa takan zo da ƙarfi. Saboda haka jerin da ya dace shi ne bango, sai abin kare hawan wuta, sai sitabilaiza, sai UPS, sannan kwamfuta. Kuskuren da aka saba shi ne ɗaukar lambar VA da ke jikin UPS a matsayin wat, alhali ƙananan UPS kusan kashi 60 cikin 100 na lambar suke bayarwa, wato mai VA 650 wajen wat 390 ne, mai VA 1,500 kuma wajen wat 900. Core i9-14900K da katin RTX 4090 mai wat 450 su kaɗai sun haura wat 700, don haka ƙaramin UPS zai yi kuka ya mutu a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Akwatin wuta na zamani, wanda a kasuwa ake kira fawa fak, ya fi jituwa da inbata mai fitar da wuta mai santsi irin ta layin gwamnati, mai fitar da wuta mai tsani-tsani kuwa yakan sa shi ƙara ko ya kashe kansa. A nan araha ba ta ado, domin akwatin wuta marar asali idan zai mutu yakan tafi da bod da katin hoto.

Wajibi ne kuma ma'aikacin lantarki ya tabbatar rami na uku na soket ɗin bango yana haɗe da wayar ƙasa, domin a gidaje da yawa ado ne kawai, kuma alamar hakan ita ce jikin kesin ya riƙa ɗan jan hannu idan an taɓa. A lissafa kuɗin wuta ma tun da wuri: kwamfutar da ke jan wat 600 na awa biyar kullum tana cin yunit 90 a wata, wanda a farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanar wa masu layin Band A a watan Afrilun 2024 ya kama naira 20,250.

Mataki na 5: Shirya wuri da sauke wutar jiki

A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe har bargo ya riƙa tartsatsi cikin duhu, ƙofar mota kuma ta ja yatsa. Wannan wutar da jiki ke tarawa, ko da ba ta kai yadda mutum zai ji ba, tana iya lalata guntayen lantarki, kuma lahanin ba lallai ya bayyana nan take ba. A yi aiki a kan teburin katako a ɗakin da babu darduma, a sa tufafin auduga, a cire duk filogi daga bango, a riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin a ɗauki kowane sashe, a kuma riƙe sassa ta gefensu ba ta wurin zinariyarsu ba. A rufe taga a kashe fankar sama don kada ƙura ta sauka cikin buɗaɗɗen soket.

Mataki na 6: Haɗin farko a wajen kesin

Ƙwararru suna fara haɗa kwamfuta a kan kwalin bod ne, saboda idan wani sashe ya zo da matsala a gane shi kafin a ɗaure sukurori. A ɗaga hannun soket, a nemi alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa a daidaita ta da ta soket, a sauke shi a miƙe ba tare da dannawa ko ja ba, sannan a mayar da hannun, wanda zai fitar da baƙin murfin roba da kansa. A adana murfin, domin ana neman sa idan za a mayar da bod. Idan ram biyu ne a bod mai ramuka huɗu, a saka su a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2, domin hakan ne ke buɗe hanyoyi biyu na bayanai, jera su gefe da gefe kuwa yana barin hanya ɗaya. A danna har maƙallan su yi ƙara.

Kafin a saka SSD a duba littafi, domin a wasu bod amfani da wani ramin M.2 yana rage layukan katin hoto daga 16 zuwa 8. A ɓare ledar da ke kan robar shan zafi ta murfin M.2, da wadda ke ƙasan ƙarfen fankar furosesa, domin mantuwa da wannan siririyar leda na daga cikin manyan dalilan da ke sa sabuwar kwamfuta zafi. A ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa, a ɗaure sukurorin fanka a giciye kaɗan-kaɗan don nauyi ya sauka daidai. Daga nan a haɗa wuta a kunna. Bod na DDR5 yakan yi 'yan mintoci fuska na baƙa a tashin farko yana gwada ram, kuma mai gaggawar kashewa a wannan lokaci shi ke jawo wa kansa wahala. Idan ya tsaya, fitilu huɗu masu sunayen CPU da DRAM da VGA da BOOT suna nuna sashen da za a duba.

Mataki na 7: Ɗaurewa a kesin da haɗa wayoyi

Bod yana zama ne a kan ƙananan dogarai na ƙarfe da ke raba shi da jikin kesin, kuma dole kowane dogari ya dace da rami a bod, domin dogari guda da ya rage a inda babu rami yana taɓa bayan allon ya haɗa wuta. A ɗaure sukurori har su kama kawai. A saka babbar waya mai baki 24, sai mai baki 8 ta furosesa da ke saman bod, a kuma kiyaye kada a musanya ta da mai baki 8 ta katin hoto, domin kamarsu ɗaya a ido amma tsarin wutarsu ya saɓa. Haka nan wayoyin wani akwatin wuta ba a saka su a wani ko da sun shiga. A ƙarshe wayar fuskar kwamfuta a katin hoto ake saka ta, ba a ƙofar bod ba, in ba haka ba katin da aka fi kashe wa kuɗi zai zauna babu aiki.

Mataki na 8: Sabunta BIOS da saita shi

Ba a fara sabunta BIOS sai kwamfuta tana kan UPS ko inbata mai cikakken caji, kuma fayil ɗin na wannan samfurin bod ɗin ne daidai, harafi da lamba. Muhimmancin sabuntawa ya fito fili sau biyu a 'yan shekarun nan: a watan Afrilun 2023 wasu furosesocin Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda yawan wutar da bod ke ba wani sashensu, har AMD ya ƙayyade ta a bolt 1.3, sannan a 2024 Intel ya fitar da gyare-gyare ta hanyar BIOS domin matsalar rashin tsayuwar manyan furosesocinsa na zubi na 13 da 14, ya kuma ƙara musu garantin shekara biyu. Darasin shi ne ƙarfin bod ba ya hana shi ba furosesa wutar da ta wuce kima. Bayan sabuntawa a kunna XMP a bod na Intel ko EXPO a na AMD, domin in ba haka ba ram da aka saya mai gudun 6000 zai tsaya a kusan 4800. A bar iyakar wutar furosesa yadda kamfaninsa ya tsara, a kuma kunna TPM 2.0 da Secure Boot, waɗanda Windows 11 ke nema, musamman da yake Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10.

Mataki na 9: Gwajin nauyi da zafi

Tashin kwamfuta bai nuna lafiyarta ba sai an ɗora mata nauyi. A gwada ram da MemTest86, a matsa wa furosesa da Cinebench na aƙalla rabin awa, ana kallon zafinsa da na sashen daidaita wuta a HWiNFO. Iyakar Ryzen 7000 na gama-gari digiri 95 ce, ta Intel na zubi na 13 da 14 kuma 100, kuma wanda ya ga ana kaiwa can cikin daƙiƙoƙi ya koma ya duba zaman fanka da ledar da aka ambata. Da rana tsaka ya kamata a yi gwajin, a ɗakin da kwamfutar za ta zauna, kuma a cikin kwanakin gwajin da aka yi yarjejeniya da mai sayarwa.

Mataki na 10: Kulawa bisa yanayin shekara

Kwamfutar da ta yi hunturu guda a ƙasan tebur, idan aka buɗe ta, akan tarar da jar ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen shan zafi kamar audugar katifa, kuma da damina ta shigo wannan ƙura takan sha laima ta fara cin dalma. A ɗora kesin a kan tebur, a sa fankokin da ke jawo iska ta matata su fi masu fitarwa yawa don kada ƙura ta shiga ta kowace kafa, a wanke matatar duk mako biyu a hunturu, a hure ciki da bulowa a waje ana riƙe da fankoki don kada su yi juyin da zai lalata su. Ba a hurawa da baki saboda yawu, ba a kuma cin abinci a kusa saboda kyankyasai da tururuwa suna son ɗumin akwatin wuta. Daga Mayu zuwa Oktoba, da zarar hadari ya haɗu, a zare filogi daga bango tare da wayar intanet, domin tsawa tana bin kowacce daga cikinsu. Idan agogon kwamfuta ya fara mantuwa, batirin CR2032 mai bolt 3 da ke kan bod ne ya yi sanyi, kuma canza shi aikin minti biyu ne.

Ma'aunin da mai saye zai riƙe shi ne ya tambayi kansa ko bayan biyan kuɗin babban bod zai iya sayen katin hoton da wasanninsa ke nema, da akwatin wuta na asali, da UPS da zai ɗauki nauyin duka. Idan amsar e ce, kuma furosesansa ko aikinsa na buƙatar abin da babban bod ke bayarwa, to kuɗin bai tafi a banza ba. Idan kuwa sai an rage ɗaya daga cikin ukun, to matsakaicin bod da ke bayan sitabilaiza da UPS, wanda ake hure wa ƙura a kan lokaci, zai fi babban bod da aka jona a bango tsawon rai a Kaduna.